Femfigus da Danginsa a Damagaram: Ganewa da Bibiya Kafin Sabon Magani

 Takardar nan tana magana ne a kan wasu cututtuka da garkuwar jiki ke juyowa ta auka wa tattausar fatar da ta lulluɓe cikin baki, maƙogwaro, ido, hanci da al'aura, ta tayar da bororo, bororon ya fashe ya bar miki. Biyu daga cikinsu zan fi tsayawa a kai, femfigus bulgaris da femfigoyid na tattausar fata. Ra'ayin da zan kare shi ne, a jahar Damagaram, wato Zinder, maganin da ke ceton ran mai wannan ciwo yana nan, har ya yi yawa, tunda ana samun sa a teburin mai talla. Abin da ya kamata a gina shi ne hanyar gane ciwon da wuri da rajistar bibiyar majinyaci, kuma a ɗora su a kan ma'aikatan da suka riga suka saba leƙa bakin jama'a da idanunsu saboda ciwon noma da amosanin ido.

Ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama fata manne suke da juna da wasu sinadaran furotin, kamar yadda laka ke riƙe tubalan ganuwar Birni. Biyu daga cikinsu su ne desmogilin na 1 da desmogilin na 3. A femfigus bulgaris jiki na ƙera antibodi masu kai wa na 3 hari, kuma da yake shi ne ya fi yawa a cikin baki, nan ɓarakar ke fara bayyana. A fatar waje na 1 yana iya riƙe ginin shi kaɗai, shi ya sa mutum kan yi watanni yana fama da baki alhali jikinsa lafiya lau, sai harin ya haɗa da na 1 sannan bororo ya fito a kai da ƙirji da baya. Fiye da rabin masu ciwon a baki yake fara musu. Ernst Beutner da Robert Jordon ne suka nuna waɗannan antibodi a jinin majinyata a 1964 a Buffalo ta Amurka, a 1991 kuma Masayuki Amagai da John Stanley da abokan aikinsu suka tantance furotin ɗin da ake kai wa harin. Femfigoyid, wanda Walter Lever ya raba shi da femfigus a 1953, harinsa a can ƙasa yake, inda fata ta manne da naman da ke ƙarƙashinta, kuma nau'insa mai kama tattausar fata yana warkewa ne da tabo. Ba kasafai likita ke ganin bororon kansa ba, domin tauna da motsin harshe na fasa shi nan da nan. Abin da yake gani shi ne dasashi ja da ya saɓule, da miki marar tsari a cikin kunci da ganɗa, ga yawu na zuba, ga mutum ya rame saboda ko kunu ba ya haɗiyuwa. A gida kuwa an daɗe da yanke hukunci cewa zafi ne ya fito masa.

Kafin zuwan magungunan sitiroyid a wajajen 1950, kusan uku cikin huɗu na masu femfigus bulgaris mutuwa suke yi, ta hanyar yunwa, tsiyayewar ruwan jiki da shigar ƙwayoyin cuta. Yau, inda ake da kulawa, mutuwar ba ta kai ɗaya cikin goma ba, kuma kaso mai yawa na waɗanda ake rasawa illar magani ce ke ɗauke su. Wannan tarihi yana da muhimmanci gare mu, domin a kasuwanninmu, daga Kasuwar Dole zuwa kasuwannin ƙauye na Magarya da Matamai, deksametazon ba baƙo ba ne. Ana shan sa don ciwon gaɓoɓi, ana shan sa don ƙiba cikin haɗin da ake kira sha-ka-fashe, mayukan bilicin kuma da yawansu kilobetasol ne a ciki, wato ainihin maganin da likita zai rubuta a shafa a mikin baki. Miligiram 0.75 na deksametazon daidai yake da miligiram 5 na firednisolon, kuma ya fi shi daɗewa a jiki. Mai femfigus da ya saya ya sha zai ga sauƙi cikin ƴan kwanaki, sai ya daina, ciwon ya dawo da ƙarfi, ya sake saye. Bayan watanni a haka zai iso asibiti da kumburarriyar fuska, suga ya hau, funfuna ta yi fari a harshe, halittar da ke saman ƙoda ta daina fitar da nata sinadarin, alamomin ciwon kuma sun dagule ta yadda ko ƙwararre sai ya yi kokwanto. Irin wannan majinyaci ya sha magani daidai, amma ba a kan sani ba, ba a kan awo ba, kuma babu mai rage masa shi a hankali.

Saboda haka matakin farko ƙa'ida ce mai sauƙin riƙewa ga ma'aikacin ƙaramin asibiti na CSI da na ɗakin shan magani na ƙauye: duk mikin baki mai yawa da ya wuce mako uku a jikin babba bai warke ba, a tura shi gaba, kada a sake maimaita masa maganin funfuna da antibayotik karo na uku. Ƙurajen baki na yau da kullum da na hafis suna warkewa cikin mako biyu. Saɓulewar da magani ke jawowa, wadda ake kira Stevens-Johnson, farat ɗaya take zuwa da zazzaɓi da ɓawo mai jini a leɓe, bayan shan irin su kotirimoksazol, Fansidar, nebirafin ko maganin farfaɗiya, kuma tambaya ɗaya game da abin da aka sha a makonnin baya kan tona ta. Dole a yi gwajin sida, a tuna da ƙarancin bitamin a lokacin bazara, a tuna da sankarar baki ga mai taba, a kuma tambayi mai hawan jini ko kaftofiril yake sha, domin shi kansa yana iya tayar da femfigus. A asibitin gunduma akwai gwaje-gwaje biyu da ba sa buƙatar sabon kaya. Na farko alamar Nikolsky, wadda likitan Rasha Pyotr Nikolsky ya bayyana a 1896: a murza fatar da ke kusa da mikin da yatsa, sai saman ta ya saɓule. Na biyu gwajin Tzanck na 1947: a kankaro gindin sabon miki, a shafa a gilashi, a rina da Giemsa, rinin da ma'aikacin ɗakin gwaji ke amfani da shi kullum wajen neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai a ga ƙwayoyin fata sun rabu sun zama kewayayyu suna yawo ɗai-ɗai.

A nan suka ta farko ke shigowa, kuma tana da ƙarfi. Masu ita suna cewa waɗannan gwaje-gwaje ba sa tabbatar da komai, hafis ma na iya nuna rabuwar ƙwayoyi a gwajin Tzanck, kuma ƙa'idar duniya ita ce a yanki ɗan nama daga gefen miki a duba shi da rini mai walƙiya wanda ke nuna antibodi zaune tsakanin ƙwayoyin fata. Ɗora mutum a kan sitiroyid na shekara guda ba tare da wannan ba, in ji su, ganganci ne. Na yarda da rabin maganar. Ba na goyon bayan a fara dogon magani ba tare da yankar nama ba, kuma duba nama da rinin yau da kullum, wanda ke nuna a wane hawa fatar ta tsage, ya isa ya raba femfigus da femfigoyid a mafi yawan lokuta. Inda na saɓa da su shi ne zaton cewa sai majinyaci ya je inda na'ura take. Ruwan adana nama na Michel yana riƙe ɗan yankin kwanaki da dama ba tare da firiji ba, ruwan jini kuma ana iya aika shi a auna antibodi na desmogilin. Daga Zinder zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne, zuwa Kano kuwa, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, bai kai 250 ba. Ƙaramar kwalba ta fi sauƙin yin wannan tafiya a kan mutumin da ba ya iya haɗiyar ruwa. Wanda ya zo a galabaice, a ɗauki naman yau, a fara magani yau, sakamako ya tarar da shi a gado.

Tsarin maganin kansa sananne ne. Firednisolon na miligiram 0.5 zuwa 1 a kan kowane kilo na nauyin jiki, sau ɗaya da safe, ana ƙarawa in ciwon ya ƙi lafawa. Matsayar ƙwararru ta duniya ta 2008 ta ba da ma'auni mai amfani ga mai aiki a karkara: ba a fara ragewa sai an yi mako biyu babu sabon miki kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na tsofaffin sun warke. Mikin baki ya fi na fata jinkirin rufewa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ci gaba da tula ƙwaya saboda miki ɗaya ko biyu da suka nace a kunci, alhali allurar tirayamsinolon a wurin ko shafa kilobetasol ta wadatar. Don a rage yawan sitiroyid ana haɗawa da azatiyofirin, kimanin miligiram 2 a kan kilo. Gwajin da Chams-Davatchi da abokan aikinta suka yi a Tehran a 2007 a kan majinyata 120 ya nuna shi ne ya fi rage buƙatar sitiroyid cikin magungunan da aka kwatanta, ga shi ƙwaya ce da ba ta son firiji, sai dai tana son awon jini da na hanta akai-akai. Metotireksat da maikofenolat da saikulofosfamid suna lalata ɗan tayi, kuma a ƙasar da ke cikin waɗanda haihuwa ta fi yawa a duniya wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, dole a zauna da mace da mijinta kafin a rubuta su. Kafin a danne garkuwar kowa a yankinmu sai an nemi tarin fuka, an auna suga da hawan jini, an gwada ciwon hanta nau'in B, an kuma ba da ibamektin saboda tsutsar ciki ta sitironjiloyid, wadda kan bazu cikin jiki ta yi kisa idan sitiroyid ya buɗe mata hanya.

Kula da bakin ba ƙari ba ne a kan magani, domin wanda bai ci ba ba ya warkewa. Kuskure baki da ƙwayar firednisolon mai narkewa ko betametazon a cikin ruwa cokali biyu, a riƙe ƴan mintuna a tofar, sau uku ko huɗu a yini, yana rage raɗaɗi sosai. Man lidokayin kafin cin abinci, kuloheksidin don tsabta, nistatin don funfunar da sitiroyid ke haifarwa. Abinci mai laushi marar zafi: kunun gyaɗa, koko, fura da aka dama ba yaji, ƙwai, miya mai yauƙi. Kunun tsamiya, barkono, kilishi, goro da taba sai a jingine su. Asuwaki mai tauri yana saɓule dasashi, amma barin haƙori da datti ya fi shi ɓarna, don haka buroshi mai laushi da wankin haƙori a wurin likita suna cikin maganin.

Femfigoyid na tattausar fata yana buƙatar tsayawa ta musamman a Damagaram. Matsayar duniya ta 2002 ta kasa masu shi gida biyu. Wanda ciwonsa ya tsaya a baki, ko baki da fata, haɗarinsa kaɗan ne, ana fara masa da magani na shafawa, sai doksisaikilin ko dafson. Wanda ya taɓa masa ido, maƙogwaro, hanci, hanyar abinci ko al'aura yana cikin babban haɗari, domin tabo na iya makantar da shi ko ya toshe masa numfashi, kuma shi sai firednisolon da saikulofosfamid ko rituksimab. Dafson tsohon sani ne ga ma'aikatanmu ta dalilin yaƙi da kuturta, amma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ga mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, a tsakanin mutanen da dama jininsu bai cika ba saboda zazzaɓin cizon sauro da sikila. A gwada kafin a bayar, a fara da kaɗan, a riƙa awon jini. Babbar damuwata ita ce ido. Jahohin Zinder da Maraɗi sun daɗe cikin wuraren da amosanin ido ya fi addaba a Nijar, kuma shirin ƙasa na lafiyar ido, da tallafin Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, ya horar da ma'aikatan da ke yi wa fatar ido aiki idan gashinta ya juya yana gogar ƙwayar ido. Femfigoyid ma yana juya gashin ido. Bambancin shi ne amosani ya fi yin tabo a cikin fatar ido ta sama, femfigoyid kuwa yakan fara cinye lungun da ke tsakanin fatar ƙasa da ƙwayar ido har su manne, kuma yi masa aiki yana kan ganiyarsa ƙara rura shi yake yi. Mai aikin ido da zai ja fatar ƙasa ya duba, ya kuma ce wa tsohuwa ta buɗe baki kafin ya ɗauki wuƙa, zai tsamo ƴan kaɗan da ciwonsu ba amosani ba ne. Horon da wannan ke buƙata bai wuce na yini guda ba.

Suka ta biyu daga ɓangaren masu bin sabon ilimi take. A 2017 mujallar Lancet ta buga gwajin da Pascal Joly na Rouen ya jagoranta a Faransa a kan majinyata 90: bayan shekara biyu, kashi 89 cikin ɗari na waɗanda aka ba rituksimab da gajeren sitiroyid sun warke sarai ba sa shan komai, a ɓangaren sitiroyid zalla kuwa kashi 34 ne, ga illoli masu tsanani sun fi yawa a wurinsu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don femfigus a 2018, wani gwajin na 2021 kuma ya nuna ya fi maikofenolat nesa. To don me, in ji su, za a tsara wa Badamagare maganin da Turai ta wuce? Tambayar daidai ce, kuma ba na cewa a haƙura da rituksimab. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 saboda sankara, kwatankwacinsa masu rahusa sun riga sun fito, kuma ya dace Babban Asibitin Ƙasa na Zinder da sashen koyon likita na Jami'ar André Salifou su nemi hanyar samar da shi ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko wanda suga ko raunin ƙashi ya hana shi jure sitiroyid. Amma a dubi abin da yake nema. Ƙarin ruwa ne na miligiram 1000 sau biyu, mako biyu tsakani, mai ɗaukar sa'o'i ana sa ido, ana ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, sannan yana share wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini na tsawon wata shida zuwa shekara. Nijar na cikin ƙasashen da masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B suka haura kashi 8 cikin ɗari, kuma rituksimab yana tayar da ita ko ga wanda ya taɓa kamuwa ya warke, har hanta ta gaza, in ba a ɗora shi a kan tenofobir ba tun kafin a fara kuma aka ci gaba bayan an gama. Sakamakon Rouen an same shi ne a kan mutanen da aka tantance ciwonsu, aka san gidajensu, aka bi su shekara biyu. Duk wanda ke son wannan sakamako a Damagaram, rajistar da nake kira a kafa ita zai fara buƙata.

Suka ta uku ita ce ta masu riƙe da kasafi: ciwon ba shi da yawa, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna cika gadaje a Magarya duk damina. Suna iya ƙarawa da binciken Antoine Mahé da abokansa a Bamako na 1996, wanda ya duba majinyata 30 ya tarar mafi yawansu mata ne masu nau'in femfigus na saman fata, wanda ba ya taɓa baki. Bari mu yi lissafi. Wani nazari na 1995 ya sami sababbin masu femfigus 1.7 a cikin miliyan a shekara a Faransa, 6.7 a Tunisiya. Ƙidayar 2012 ta ba jahar Zinder mutum miliyan 3.5, mafi yawa a ƙasar. Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kanta, ana maganar mutum 6 zuwa 23 ne a shekara, ban da ƙaruwar jama'a tun daga lokacin, ban da masu femfigoyid. Adadin kaɗan ne, kuma ƙarancinsa hujja ce a gare ni: likita ɗaya da littafi ɗaya da ranar asibiti ɗaya a wata sun isa su riƙe su duka. Game da binciken Bamako kuwa, a cibiyar cututtukan fata aka yi shi, mai ciwon baki kuma wurin likitan haƙori ko na maƙogwaro ko wanzami yake nufa. Ko da nau'in saman fata ne ya fi yawa a Sahel, maganinsu da bibiyarsu ɗaya ne. Masu leƙa baki kuma muna da su. Gidauniyar Sentinelles ta Suwizalan tana aikin yaƙi da ciwon noma a Zinder tun 1992, tana wayar da kan ma'aikatan lafiya da shugabannin ƙauyuka a kan duba dasashin yara, Sakkwato na da asibitin ciwon noma tun 1999, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta gabatar. Noma ciwon ƙananan yara ne mai alaƙa da tamowa, femfigus na manya ne, babu abin da ya haɗa su a asali. Abin da ya haɗa su shi ne tocila da katakon danne harshe da ma'aikacin da ya san ba kowane jan dasashi ne zafi ba. Mai tsoron kada wannan ya sa malaman asibiti su riƙa rabon sitiroyid barkatai, amsarsa ita ce aikinsu ganewa da turawa da hoto ta WhatsApp bisa yardar majinyaci. Fara magani da sauya awonsa na likita ne.

Saura batun da ya fi karya irin wannan tsari a ƙasarmu, wato tafiya. Makiyayin Tanut ko Teskar yana bin ciyawa, ɗan cin rani yana Kano ko Agadas, matan Kance suna kaiwa har Aljeriya, kuma wanda ya wuce mako uku a kan sitiroyid, yankewar ƙwaya kwatsam na iya kayar da shi ko da ciwon bai dawo ba. Don haka kowane majinyaci ya riƙe kati irin na masu tarin fuka, a ba shi ƙwayar da za ta kai shi ranar dawowa har da rara ta mako biyu, a rubuta lambar wayar wani ɗan'uwansa a littafin asibiti. Da azumi, wanda likita ya yarje masa ya mayar da shan firednisolon lokacin sahur, wanda bakinsa ke ɗanye kuwa a gaya masa a fili cewa yana cikin masu uzuri. A katin a rubuta sunan ciwon da ranar da aka yanki nama, da sakamakon gwajin hanta da na G6PD, da jadawalin ragewa mako-mako. Sunayen magunguna a sa na asali da adadin miligiram, ban da sunan kamfani, domin wanda zai karanta shi a gaba yana iya zama likita a Daura ko Kano da bai iya Faransanci ba. Gargaɗin kada a daina ƙwaya farat ɗaya kuma a rubuta shi da Hausa, boko da ajami.